Rigar da Baffa Ya Sa a Majigi

Litinin, 14 ga Nuwamba, 1988. Ƙarfe shida da kwata: buɗe ƙofa ta huɗu, ruwan masu alkama.

Bunkure.

Zuwa ga taubashina Maharazu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Mu nan sai godiyar Allah. Maiɗakina Binta tana gaishe da maiɗakinka. Kada layin da ke sama ya dame ka. Daga littafin aikina na yago takardar, kuma ka san ni, abin da na riga na rubuta ba na iya sokewa. Har yanzu ni ne mai kula da ƙofofin ruwa na kanal ɗinmu. Ba a ƙara mini girma ba, ba a kuma kore ni ba.

Iya, matar marigayi Baffa, ita ce ba ta jin daɗi. Ba jiki ba ne, ido ne. Yanar ido ta rufe na hagu gaba ɗaya, na dama kuma sai abu ya yi girma ko ya matso kusa take gane shi. Jiya ta gaishe da buhun taki a zaure, ta ɗauka baƙo ne. Ta yi dariya, mu ma muka yi. An ce ana aikin ido a Kano. Ta ce ita ba mai taɓa mata ido da wuƙa.

Saboda ita na rubuto. Na ji a rediyo gwamnati ta fito da sabuwar manufa a kan al'adu, na kuma ji ana cewa za a waiwayi tsofaffin finafinan da ke ajiye. Tunda kai kake zaune a ɗakin yanka fim da haɗa shi a can Legas, na ce watakila hannunka ya kai inda nawa ba ya kaiwa.

Ka san fim ɗin noman rani da sashenku ya ɗauka a nan a 1982, kafin a ɗauke ka aiki. Ka san da aka nuna shi a majigi a filin kasuwa, Baffa Baballe, kawunka, ya fito cikin yagaggiyar riga yana jan ruwa da jigo, mai sharhi yana cewa, "Dubi wannan bawan Allah, duniya ta tafi ta bar shi." Aka yi ta dariya. Daga ranar ya zama Baba Jigo, har Allah ya karɓi abinsa bayan shekara uku. Abin da ba ka sani ba shi ne yadda aka yi.

Ni aka haɗa da mutanen fim in yi musu jagora. Daraktan ya ce yana son hoton da, da hoton yanzu. Na yanzu ga shi ko'ina. Na da kuwa, babu mai jigo ko ɗaya da ya rage a yankin nan. Sai na tuna Baffa ya iya ɗaura jigo tun suna lambu a bakin rafi. Na je na roƙe shi. Ya ce, "Dalhatu, ni da na fara tsallako da ruwa da tiyo a garin nan?" Gaskiya ya faɗa. Ka san lanƙwasasshen tiyon nan da muke tsomawa a kanal, a toshe bakinsa da tafin hannu, a ja shi, a jefa ta bayan gaɓa ruwa ya biyo. Wasu sai sun gwada sau biyar. Baffa ja ɗaya yake yi. Shi ya koya wa rabin garin nan, har da ni. Na ce masa aikin minti biyar ne, taimakon gwamnati. Don ni ya yarda.

Ya zo da safe cikin shuɗiyar rigarsa rinin Kura. Daraktan ya ce ta yi kyau da yawa, ba ta yi kama da zamanin da ba, in samo tsohuwa. Maharazu, na ruga gonata, na tuɓe wa mutum-mutumin da ke korar tsuntsaye rigarsa, na kakkaɓe ta na kawo. Baffa ya dubi rigar, ya dube ni, ya sa.

Iya ba jigon ne ya ƙona mata rai ba. Rigar ce. Matan gari, musamman Zuliha maƙwabciyarta, sun yi ta cewa ta bar mijinta ya fita duniya da tsumma. Ta ɗauka mutanen fim ne suka zo da rigar, ni kuma shekara shida ban gyara mata ba.

Ga abin da nake roƙo. Kafin a canza rigar, mai kyamara ya ɗauki Baffa yana tayar da tiyo goma sha biyu a jere, cikin shuɗiyar. Na duba littafina na shekarar: Talata, 9 ga Fabrairu, ƙarfe takwas saura. Ba a sa wannan a fim ba. In har ba a zubar da shi ba, ina son Iya ta gani kafin na daman ma ya rufe. Ban sani ba ko abin da nake nema ya fi ƙarfinka. In ya fi, ka faɗa mini kawai.

Naka,
Dalhatu.

*

Legas, 6 ga Disamba, 1988.

Ranka ya daɗe Sarkin Ƙofa,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, sai zafi da cunkoson mota. A gaishe da Binta, a gaishe da Iya da kyau, a ce mata ta daina gaisawa da buhuna, ba sa amsawa. Kai kuma har yanzu ba a sayar da takardar wasiƙa a Bunkure ne? Ko in ƙofa ta huɗu ba ta gaishe ni ba wasiƙar ba ta cika ba?

Albishirinka. Na samo Kawu. Yana cikin gwangwani na arba'in da ɗaya, bai lalace ba. Saboda manufar nan an ba mu umarnin haɗa sabon fim daga tsofaffin hotuna, kuma da sabon daraktanmu ya ga Kawu sai ya miƙe tsaye ya ce wannan dattijo shi zai buɗe fim ɗin. Ni na yanka wurin da hannuna. Wannan karon babu mai yi masa dariya, na yi maka alkawari.

A tsaye nake rubutu, ana jira na. Sauran bayani sai na samu zama. Ka rage damun kanka, tun muna yara haka kake, ko akuya ta yi atishawa sai ka ce laifinka ne.

Taubashinka,
Maharazu.

*

Bunkure, 19 ga Disamba, 1988.

Maharazu,

Bayan gaisuwa. Muna lafiya, an yi wa alkama ban ruwa na uku. Ka ga wannan karon takarda na saya.

Wasiƙarka ta iso ranar Asabar. Ban ko cire takalmin aiki ba na wuce gidan Iya. Na ce mata an samo Baffa, zai sake fitowa a majigi, shi ne ma a gaba. Ta ce, "Cikin wace riga?" Na ce shuɗiyar. Ta ce in jawo mata adakarta. Ashe rigar tana nan a ninke a ƙasa. Ta ɗora ta a cinya tana shafawa, ta ce a kira mata Zuliha ta ji labari. Kafin magariba gari ya ɗauka. Gidaɗo, Bafillacen nan abokin Baffa, ya taso tun daga rugarsu don ya ji da kunnensa.

Sai da na zauna zan rubuta amsa na sake karanta wasiƙarka, har sau huɗu. Ba ka ambaci tiyo ba. Ba ka ambaci riga ba. Ka ce ka samo Kawu. Na san halina ne, kamar yadda ka ce, amma don Allah ka rubuto mini layi ɗaya: hoton tiyon ne ka samo, ko ba shi ba?

Dalhatu.

*

Bunkure, 30 ga Janairu, 1989.

Maharazu,

Gaisuwa. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Yau mako shida ke nan. Na je gidan waya sau tara, na rubuta kwanakin.

Idon Iya ya ƙara ja baya. Yanzu da murya take gane ni. Duk ranar kasuwa sai ta tambaya ko motar majigi ta zo. Zuliha ta fara cewa a bakin famfo wai fim ɗin a jirgin raƙumi yake tahowa.

In tambayata ce ta ɓata maka rai, ka yi haƙuri, ba rashin yarda ba ne. In kuma na jawo maka magana a wurin aiki, ka bar zancen gaba ɗaya, ni zan san abin da zan ce mata. Ban san me zan ce ba, amma zan nema.

Dalhatu.

*

Legas, 13 ga Fabrairu, 1989.

Yaya Dalhatu,

Bayan gaisuwa. Muna lafiya. Ka ga yau ban tsokane ka ba, don ni ne da laifi. Wasiƙunka biyu duk sun iso. Kunya ce ta hana ni amsawa hannu wofi.

Ba hoton tiyon na samo ba a watan Disamba. Na jigon ne, da yagaggiyar rigar. Na karanta wasiƙarka ta farko a gurguje, na ɗauka dariyar ce damuwar. Da na ji sabon sharhin da aka rubuta, inda ake cewa, "Dubi hikimar kakanninmu, abin da ya wajaba mu adana," sai na ce shi ke nan, an wanke Kawu. Sai da ka rubuto cewa Iya ta tambayi wace riga, sannan na gane abin da na yi.

Akwai wani dattijo mai kula da ɗakin ajiyarmu, tun zamanin Turawa yake aikin. Na ba shi labari, ya yi dariyar da ba ta daɗi ba. Ya ce shi ya ga gwamnati kala-kala, kowace da abin da take son majigi ya ce. Zamanin Bature, manomi biyu ake nunawa, mai jin magana da marar ji. Da aka samu mulkin kai aka canza mai sharhi, aka bar manoman biyu. Da kuɗin mai ya zo, sai madatsun ruwa da tarakta, kuma dole a samo wani tsoho a gefe don a ga bambanci. Yanzu an ce al'ada, sai a dawo a ɗauko tsohon a sa shi a gaba. Ya ce, "Yaro, hoton ɗaya ne, bakin da ke bayansa ne yake sauyawa. Ba a taɓa tambayar tsohon ba." Ban ce duk abin da muke yi banza ne ba, Yaya. Ba don sashen nan ba, da babu hoton Kawu ko ɗaya a duniya mai motsi. Amma abin da dattijon ya faɗa haka yake.

Shi ya buɗe mini ɗakin da ake jibge ragowar fim, abin da aka yanke aka yar. Babu suna a jikin komai, ga warin tsami kamar an zubar da ruwan tsamiya. Mako uku ina shiga bayan an tashi aiki, ina ɗaga fim a fitila taku-taku. Kwanan watan da ka rubuto shi ya cece ni, don na same shi a jikin allon da ake nunawa kafin a fara ɗauka. Daga yau na daina yi wa littafinka dariya.

Daƙiƙa arba'in da ɗaya ne. Babu sauti, launin kuma ya koɗe. Na kai wa darakta na roƙe shi ya sa a madadin jigon. Ya kalla har sau biyu, ya ce hannun tsohon nan abin kallo ne, amma tiyon roba ba al'ada ba ne, ba zai iya kare shi a gaban manya ba. Ba mugun mutum ba ne, takardar da aka ba shi yake bi. Don haka ka sani tun yanzu: sabon fim zai zaga ƙasa da Kawu cikin tsumma, ana yabonsa. Wannan ban iya hanawa ba.

Ragowar kuwa an riga an rubuta za a ƙone ta. Na tambayi dattijon, ya ce abin da za a ƙona ba ya kirga shi. Na goge guntun, na liƙa masa baƙin fim gaba da baya don ya hau na'ura, na sa a ƙaramin gwangwani. Iliyasu, direban motar tumatir ɗan Kura, zai kawo maka hannu da hannu. Kada ka bar shi a rana. Kowace na'urar majigi za ta ɗauke shi.

Abu na ƙarshe, kuma ba da wasa nake ba. Zancen mutum-mutumin nan, ni ka faɗa wa, amma ba ni ke da haƙƙin ji ba.

Ƙaninka,
Maharazu.

*

Bunkure, Asabar, 11 ga Maris, 1989.

Maharazu,

Bayan gaisuwa da godiya wadda ban san yadda zan rubuta ta ba. Muna lafiya. An fara yankan alkama. Iliyasu ya kawo saƙo lafiya, ya ce a ƙarƙashin kujera ya ajiye shi cikin bargo kamar ƙwai.

Yau aka nuna. Bari in bi da kai daki-daki.

Na je wurin Maikuɗi mai motar majigi sau uku. Da ya ji tsawon fim ɗin ya ce, "Malam Dalhatu, kafin in gyara zama ya ƙare!" Da ya ji Baffa ne, ya ce shi ne ya nuna wancan a filin kasuwa, don haka wannan ma shi zai nuna. Iya ba ta fita bayan magariba, saboda haka muka share sito na taki, muka toshe tagogi da buhuna, aka rataya farin ƙyalle a bango bayan la'asar. Na shirya benci shida. Mutanen da suka zo sun fi ƙarfin benci ashirin.

Kafin a fara na tsaya na ce wa jama'a wannan ba sabon fim ɗin gwamnati ba ne, guntu ne da aka yar, kuma sabon in ya zo za su sake ganin jigo.

Maikuɗi ya kunna. Ga Baffa a tsugune a gaɓar kanal. Ya tsoma, ya toshe, ya ja, ya jefa. Babu mai sharhi, sai ƙarar na'ura. Gidaɗo ne ya fara ƙirgawa da ƙarfi, mutane suka ɗauka tare da shi. Kafin a kai goma sha biyu sito ya ɗauki murya ɗaya. Da ya jefa na ƙarshe ya miƙe, ya share hannu, ya dubi kyamara, fim ya ƙare. Wani daga baya ya ce, "Kai! Ko ɗaya bai maimaita ba!"

Na juya wurin Iya. Ta ce, "An fara ne?"

Maharazu, sai na durƙusa kusa da ita. Ta ce haske kawai take gani yana motsi. Na ce a raina na makara, watanni huɗun nan sun cinye abin da ya rage. Gidaɗo ne ya daka mini tsawa: "Kai ɗan boko, ba ka ce sai abu ya matso take gani ba? Ku kai ta gaba mana!"

Binta ta kama hannunta har jikin ƙyallen, ta tsayar da ita a gefe don kada inuwarta ta rufe. Maikuɗi ya mayar da fim baya ya sake kunnawa. Iya ta kai fuskarta kusa, kamar za ta shinshina. Baffa a wurin ya fi ta tsawo sau biyu. Aka sake, karo na uku. A na huɗu, daidai inda ya miƙe tsaye, ta ɗora yatsa a ƙirjinsa ta ja layi zuwa ƙasa.

Launi ya koɗe kamar yadda ka ce, ba mai iya rantsuwa shuɗiya ce. Amma karin ninki yana nan ɓaro-ɓaro, biyu a tsaye, ɗaya a kwance.

Ta ce, "Ku duba nan. Ninkina ne. Da safen nan ta fito daga adakata." Sannan ta ɗaga murya: "Ina Zuliha?"

Zuliha ta ce daga cikin mata, "Na gani, Iya."

"A'a, matso dai. Idonki ya fi nawa, bakinki ma haka."

Sito ya fashe da dariya, har da Zulihar. Ta taso ta zo ta duba, ta ce, "Wallahi a ninke take. Ki yafe mini." Sau bakwai Maikuɗi ya nuna kafin man janareto ya ƙare.

Ni na raka Iya gida. A hanya na yi ta shirya maganar a bakina, ina cewa in mun wuce famfo zan fara, in mun wuce masallaci zan fara. A ƙofar zaure ita ta riga ni. Ta ce, "Dalhatu, waccan ta wancan fim ɗin, mai faci a aljihu. Tsohuwar rigar Baffanka ce. Ni na ba Binta ita ta yi tsumma. Na san ɗinkina ko a majigi."

Yanzu na gane abin da Baffa ya duba ranar kafin ya dube ni. Shekara bakwai ta san daga gonar wa rigar ta fito, tana ba ni fura duk ranar da na je. Ba ta jira na yi magana ba. Ta ce, "Likitan idon nan na Kano, wace rana yake gani? Rigar na gani. Fuskar ban gan ta sosai ba."

Don haka gwangwanin yana wurina, a cikin tukunyar ƙasa inda ba zafi. Maikuɗi ya ce duk ranar da aka cire mata bandeji in aika masa.

Ka gaishe mini da dattijon nan na ɗakin ajiya. Ka ce masa an tambayi matar tsohon, ko da ba a tambayi tsohon ba.

Naka,
Dalhatu.

Takarda ta ƙare, ka yi haƙuri da bayan shafin, nan na rubuta na gobe:

1. Ƙofa ta huɗu, rufewa, masu alkama sun gama da ruwa.
2. Mayar da benci shida makaranta.
3. Cire buhuna daga tagogin sito.
4. Tambayo ranar likita, da motar da ke tashi da wuri.
5. Kai wasiƙar nan gidan waya, sai Litinin.
6. Iya. In faɗa mata da bakina, ko da ta sani.